Koren Ɗigo

Talata, 2 ga Yuli, da yamma

Yau aka kawo injin kwamfutar. Ba a motar haya ta danfo ba, a motar shago, mai sunan Dubem ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa. Duk layinmu na Egbeda sai da aka leƙo. Morayo tana gaba tana nuna musu inda za su bi, baki har kunne.

Ni Mufutau, da na tsufa ina haɗa kwamfuta a kasuwar Ikeja, 'yata tilo ta je ta sayo haɗin kamfani. Kuma ba a wurin kowa ba sai Dubem, yaron da na koya wa riƙon sukudireba. A shagona ya yi koyonsa, ranar da na yaye shi har ƙasa ya kwanta ya gaishe ni irin tamu, duk da shi Ibo ne. Yanzu shagonsa hawa biyu ne, sanyi ko'ina, ni kuwa ina nan ƙarƙashin matakala da fankata mai kuka.

Na ce mata, “Da kin faɗa mini ai da na haɗa miki wadda ta fi wannan.”

Ta ce, “Baba, taka tana da kyau, amma kullum murfinta a buɗe, kanka a ciki. Gasa ce fa. Ina son wadda ba mai taɓa ta.”

Uwarta ta ƙyalƙyale da dariya daga kicin.

Gasar ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ce. Su biyar ne a ƙungiyarsu, wasan harbi suke bugawa ta intanet, kowa daga ɗakinsa. In sun ci, birnin Akara za a kai su wasan ƙarshe. Tun bara ba ta da zancen da ya wuce wannan. Baƙin akwati ne injin, ko tagar gilashi babu, da sitikar garanti a manne a bakin murfi. Ta shafa sitikar ta ce in aka tsaga ta, kamfani ya zare hannunsa. Ni take gaya wa.

Na juya na koma falo.

Laraba, 3 ga Yuli, bayan magariba

Yaya Dubem ya ce kaza, Yaya Dubem ya ce kaza. Yaushe ya zama yayanta?

Asabar, 6 ga Yuli, da rana, a shago

Sunkanmi mai sayar da caja, maƙwabcina, ya leƙo yana cin gyaɗa. “Oga Mufu, na ji 'yarka ta zama kwastomar yaronka. To kai yaushe za ka je ya gyara maka fanka?” Na ce ya je ya kula da cajojinsa masu ƙona wayoyin mutane. Ya tafi yana dariya, ni kuwa na kasa gama amalar da na saya.

Na karanta bayanin da ke jikin kwalin injin. Komai da kyau, ban da ram. Ram shi ne teburin da inji yake baza aikinsa a kai, kuma wanda suka sa mata mai tafiyar hawainiya ne. Haka kamfanonin nan suke, su ƙawata waje, su matse a inda ba a gani. Dubem ya sani. In bai sani ba, to ban koya masa komai ba ke nan.

Ina da guda biyu a durowa, tagwaye, girmansu ɗaya da nata amma sun fi su gudu nesa ba kusa ba. Na fito da su ina kallo. Kowanne da koren ɗigo a gefe. A kasuwar nan kowa da alamar da yake yi wa kayansa, don kada wani ya kawo maka mataccen kayan wani ya ce naka ne. In alamarka ce a jiki, ba gardama, ka karɓa. Wani da alƙalami, wani da sitika. Tawa jan-farce ce, koriya. Morayo ce ta zaɓi launin tana firamare, kuma ita take ɗiga mini duk Asabar, tana zaune a kan kwalin firinta, harshe a waje. Ɗigonta yana da 'yar wutsiya, saboda yadda take janye burushin. Ko da ta girma ta daina zuwa, in ta sami hutu takan biyo ta ɗiga mini sabon kaya. Waɗannan ma ita ta ɗiga, hutun da ya wuce.

Yau Asabar, tana gida da abin sauraron wasa a kunnuwanta.

Alhamis, 11 ga Yuli, da hantsi

Yau ranar sharar kasuwa, ba a buɗe shago da wuri. Morayo tana da lacca tun safe.

Jiya na taho gida da abin hura zafi, saboda wani aiki. Sitikar garanti irin mai tsagewa ce da an taɓa, amma in ka san zafin da take so, lafiya take tashi, lafiya take komawa. Ba kowa ya iya ba. Dubem duk zamansa a wurina bai taɓa ɗaga guda ba tare da ya yaga ba.

Iya Morayo, matata, ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya.

“Baba Morayo, me kake yi a ɗakin yarinya?”

“Ƙura nake gogewa.”

“Da wuta ake goge ƙura yanzu?”

Na ce ta je ta duba wakenta kada ya kama. Ta daɗe tana kallona kafin ta tafi.

Na zare ram ɗinta, na sa nawa masu koren ɗigo, injin ya tashi sumul. Sitika tana nan lafiya. Zan jira har ta ce, kai, yau wasan nan gudu yake kamar ruwa, sannan in faɗa mata, a gaban uwarta.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan masallaci

Ba ta lura ba. Na tambaye ta ya injin, ta ce, “Lafiya lau, ai na gaya maka Yaya Dubem ba ya sayar da banza.”

Lahadi, 14 ga Yuli, da la'asar

Ina falo na ji ta buga tebur. Allon ya yi shuɗi tana tsakiyar atisaye, injin ya mutu ya sake tashi da kansa. Na ce wataƙila wuta ce ta yi rawa. Ta ce a kan batir take. Na ce to zafi ne, wannan ɗakin ba iska.

Sau ɗaya ne. Kowane inji yakan yi haka sau ɗaya.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Ya sake yi jiya, ya sake yau. Ba ya yi in tana karatu ko kallo, sai wasa ya yi zafi. Kyaftin ɗinsu ya ce mata akwai wata yarinya a Surulere da ke jiran gurbi, in injinta ba zai tsaya ba gara ta faɗa tun yanzu. Na ji muryarsa ta waya, yaro ƙarami, yana yi wa 'yata magana kamar shi ya haife ta.

Ta fito idonta ja. Na gyara zama a kujera, na ajiye rimot. Ina nan, ga ni, mutumin da rabin bankunan Ikeja suka taɓa kira a kan inji. Ta wuce ta gabana ta ɗauki wayarta a caji.

“Yaya Dubem, don Allah ka zo ka duba mini.”

Da ta ce, Baba, zo ka gani, wallahi da a take na faɗa mata. Ba ta ce ba. Kishi nake ji, ba zan ɓoye wa takarda ba. Kishin yaron da ni na saya masa takalminsa na farko a Legas.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan magariba

Ya zo. Ya rusuna ya gaishe ni, “Oga, na same ku lafiya?” Turare yake yi mai tsada. Iya Morayo ta tuƙa amala da miyar ewedu, ta tsamo masa ƙafar akuyar da ta san tawa ce. “Ci, ɗana, duk ka rame, kuɗi sun hana ka cin abinci.” Ya ci, har da suɗe hannu kamar da.

A ɗaki ya fara duba sitika. Ya haska ta da waya, ya shafa da ɗan yatsa, ya ce, “Ba a buɗe ba, to ba daga ciki ba ne. Ni ma ba zan buɗe ba, kada mu ɓata miki garanti.” Na tsaya a bakin ƙofa hannuna a baya. Abin kunya, daɗi na ji. Ya haska, ya shafa, bai gani ba.

Ya goge komai na injin ya sake zubawa. Can ya buɗe wani shafi mai nuna sunayen kayan da ke ciki, ya tsaya yana karantawa. Morayo tana ta zuba masa labarin kyaftin. Ya ɗago ya dube ni. Ni ma na dube shi. Ya rufe shafin.

Ya ce mata, “Gwada shi kwana biyu mu gani.”

Ta raka shi har mota. Ni in zan fita, daga kan kujera take ce mini a dawo lafiya.

Asabar, 20 ga Yuli, da rana

Shuɗi. Sitika tana nan lafiya.

Litinin, 22 ga Yuli, da azahar, a shago

Ruwa ake yi tun safe, titin Otigba ya zama kogi. A haka Dubem ya shigo, wandonsa a naɗe, takalmi a hannu. Ya jira Sunkanmi ya tafi neman abinci, sannan ya zauna a kan kwalin firinta. Wurin Morayo.

“Oga, magana na zo mu yi, ni da kai.”

“Ina jinka.”

“Sunan ram ɗin da injin yake nunawa, ba shi ya zo da shi ba.”

Na ci gaba da kwance laftof ɗin da ke gabana.

“Oga, waɗannan na kamfani ba kamar wanda muke haɗawa ba ne. Fanel ɗinsu, inda ram yake zama, a kulle yake. Ba ya barin ka ƙara wa ram wuta, ba ya barin ka saita gudunsa. Wanda aka gwada shi da shi kawai yake riƙewa. Wani zai tashi, ya yi kamar lafiya, sai aiki ya yi nauyi ya sake shi. Na ƙona hannuna a kansu bara, shi ya sa na sani.”

“Yau kai ne kake karanta mini ram, Dubem?”

“Wane ni, Oga. Kai ka koya mini. Cewa na yi kawai, in nata suna nan, a mayar kafin Asabar. Hannun da ya ɗaga sitikar nan zai iya sake ɗagawa. Ba wanda zai ji daga bakina, ko Morayo.”

“Ka gama?”

“Na gama, Oga.”

“To a gaida manyan kwastomomi.”

Ya tashi, ya rusuna, ya koma cikin ruwan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zo ne ya rufa mini asiri, ni, a shagona, yana zaune a wurin 'yata. Nata suna cikin durowa, an yi musu D da farin alƙalami, alamar Dubem, wadda yake yi kafin a manna sitika a shagonsa. Na buɗe na kalle su na rufe.

Talata, 23 ga Yuli, da yamma

Na ji Morayo tana yi wa Dubem faɗa a waya. “Ka ce mini ba ya ba da matsala. Na yarda da kai, na ƙi ta babana saboda kai.” Ta sa shi a sifika, na ji amsarsa: “Laifina ne, ƙanwata. Yi haƙuri zuwa Alhamis, zai daina.”

Na ci tuwon rogona da daɗi yau. Allah Ya yafe mini.

Iya Morayo ta ce, tana kwashe kwanuka, ba ta ko dube ni ba, “Ƙurar nan da ka goge, ba ka mayar da ita ba?”

Alhamis, 25 ga Yuli, da hantsi

Ranar shara. Morayo ta tafi lacca. Na taho da masu D a aljihun riga, niyyata ke nan tun jiya, Allah shaida ne.

Sitika ta tashi lafiya. Na zare nawa. Na riƙe nasa a hannu, na ga farar D ɗin nan, karkatacciya, rubutun da ni na gyara masa a kan rasit. In na mayar da su injin ya warke, me ya faru ke nan? Yaya Dubem ya ce zai daina, ya daina. Ta je Akara da D a cikin injinta, ni kuwa ba ni da ko ƙusa ɗaya a ciki.

Akwai wasu tagwayen nawa, su ma da ɗigonta, a ɗaya aljihun. Ban san dalilin da ya sa na taho da su ba. Su ba su da gudu irin na farko, kusan daidai suke da na kamfanin, ba abin da fanel zai ƙi a jikinsu. Na yi shekaru ina wannan aiki. Su na sa, na kunna, na ɗora masa gwaji mai nauyi, na zauna ina kallo har aka kusa azahar. Ko gezau.

Sitika ta koma lafiya. Na aika wa Dubem saƙo: An gama. Ya amsa: Na gode, Oga.

Ban yi ƙarya ba. An gama ɗin.

Juma'a, 26 ga Yuli, da yamma

Ta yi atisaye tun dawowarta, bai mutu ba. Ta fito tana rawa, ta rungume uwarta, ta zo ta dafa kafaɗata. “Ka gani, Baba? Ya ce Alhamis, Alhamis ɗin kuwa.”

Kayana ne a ciki, hannuna ne, shi ake yi wa godiya. Ba komai. Gobe in sun ci zan faɗa, kowa ya san wanda ya kai ta Akara.

Asabar, 27 ga Yuli

Ba zan rubuta yau ba.

Lahadi, 28 ga Yuli, da safe

Gidan shiru. Ba wanda ya kunna rediyo.

Sun ci zagayen farko da na biyu. Ni da uwarta muna falo muna kallo ta wayar ɗan maƙwabta, ba ma gane komai sai sunanta a gefen allo. Wasan ya yi tsawo fiye da duk atisayen da ta yi. A zagayen ƙarshe an kashe 'yan ƙungiyarsu huɗu, saura ita kaɗai da mutum ɗaya na wancan ɓangaren, kuma ta gan shi, shi bai gan ta ba. Mai sharhi yana ta kiran sunanta. Sai mutum-mutuminta ya tsaya cak a tsakiyar fili, bindiga a hannu, har ɗayan ya juyo a tsanake ya harbe shi.

Injin ne ya sake mutuwa. Ba ta yi ihu ba. Mun ji ƙofarta ta buɗe, ta wuce mu ta shiga ɗakina, ta fito da sukudireba mai rawayen hannu, wadda na ba ta tana 'yar shekara tara. Na ce, “Morayo, garanti.” Ta ce, “Me zan yi da shi yanzu?” Ta sa bakin sukudireba ta keta sitikar gida biyu.

Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta cire murfi, ta haska, ta danna 'yan maƙallan kamar yadda na koya mata, ta zaro ɗaya. Ta juya shi. Ta kai shi kusa da taga ta daɗe tana kallo, ta sa babban yatsa ta shafa wutsiyar.

Ban san me na zaci za ta ce ba. Ta zaro ɗayan, ta haɗa su a tafin hannu, ta zo ta tura ƙofar a hankali har ta rufu a fuskata.

Dubem ya kira ni, ban ɗauka ba. Ya kira ta, na ji ta cikin bango tana cewa, “Ka sani? Tun yaushe?” Can sai kuma, “Yaya, ka yafe mini abin da na faɗa maka.” Shi ta ba haƙuri. Har a wannan ma sai da na ji abin ya soke ni.

Kyaftin ya ba 'yar Surulere gurbin, don gasar gaba.

Iya Morayo ta ajiye mini shayi ta ce, “Yaron ya zo ya rufa maka asiri, kai ka ƙi rufuwa.” Shayin yana nan, ya huce.

Litinin, 29 ga Yuli, da la'asar, a shago

Ta zo. Ina ganin Morayo daga nesa na share kwalin firinta da hannun riga. Ba ta zauna ba. Ta tsaya ta waje, inda kwastomomi suke tsayawa, jakarta a kafaɗa. Sunkanmi ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga fuskarta ya koma cikin cajojinsa.

Ta ajiye su a kan kanta, ta juya gefen ɗigon ya kalle ni.

“Oga Mufu, alamarka ce wannan?”

“Morayo.”

“Alamarka ce?”

“Tawa ce.”

“To na dawo da kayanka, ba su yi ba. A ba ni nawa.”

Na buɗe durowa na miƙa mata masu D. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, yadda na koya mata kada ta karɓi kaya a kasuwar nan ba ta duba ba, ta sa a jaka. Na ce ko ta bari in zo gida in sa mata. Ta ce ta iya. Na ce ta tsaya in sayo mata masara, ga mai gasawa can. Ta ce ta ƙoshi.

Na fito bakin matakala na bi ta da ido cikin jama'a. A mararraba, hagu ce hanyar tashar danfo. Ta yi dama, wajen bene mai hawa biyu.

Bayan la'asar aka kawo mini sabon kaya daga kasuwar Alaba. Na ɗauko kwalbar jan-farcen, ta fara daskarewa, sai da na girgiza. Na ɗiga wa na farko, na ɗiga wa na biyu. Na yi ta gwada janye burushin ta kowace fuska, wutsiyar ta ƙi fita.